Wa'azin da Na Yi wa Coci da Ƙashin Rago a Hannu

Da ana goge rana kamar yadda ake goge saƙo a waya, da tuni na goge wata Lahadin Ista a unguwarmu ta Dagenham, nan ƙasar Turawa. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko na so mantawa ma Hajiya matata ba za ta bari ba.

In faɗa tun yanzu, ban sauka daga aƙidata ba, ba kuma zan sauka ba. Bakina ne kawai nake nadamarsa.

Maƙwabcina Malam Ayuba mutumin Kafanchan ne, Kirista, bango ɗaya ya raba gidajenmu. Tare muka tsufa a layin nan. Da aka yi mini aikin gwiwa shi ya riƙa kai ni asibiti a motarsa, yana yi wa masu keke faɗa ta bayan gilashi. A duk garin nan ba ni da aboki kamarsa.

Abin ya faro ne bayan na yi ritaya daga aikin gadi. Rashin abin yi ya sa nake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ranar Lahadi in tafi lungun nan na Hyde Park inda masu gardamar addini suke ɗaga murya. (Karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma a can kowa shehi ne in dai yana da maƙogwaro.) A nan na haddace darasi ɗaya: wai maganar cewa jinin Annabi Isa, alaihis salam, hadaya ce ta wanke zunubi, ba daga mabiyansa na farko ta fito ba. Wai Bulus, wanda Kiristoci ke kira manzo, shi ne ya zo da ita daga baya, ya aro ta daga yankan da Yahudawa suke yi a Haikalinsu, da ɗan ragon idinsu, da bunsurun da suke ɗora wa laifin jama'a su kora shi daji. Na ɗauka wani sirri na tono wanda Kiristoci ba su taɓa ji ba. Ya dinga yi mini ƙaiƙayi a harshe.

Ana haka sai Ayuba ya gayyace mu cin abincin Ista da cocinsu na masu jin Hausa yake yi a wani ɗakin taro da suke haya. Hajiya ta ce mu je, in ci, in yi godiya, mu dawo. Na ce mata ai ni ba yaro ba ne.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Mata suka cika mini faranti da shinkafa da gasasshen rago. Ashe al'adarsu ce in dattijo ya zo baƙunci, a miƙa masa lasifika ya gai da jama'a ya sa albarka, shi ke nan. Faston, wani dogo mai sanyin murya, ya ce Baba Alhaji zai ce musu wani abu.

Na miƙe, lasifika a hagu, ƙashin rago a dama, don na manta ban ajiye ba. Na yi gaisuwa, daga nan sai na ji kaina ina cewa akwai abin da aka ɓoye musu. Na kawo Haikali, na kawo bunsuru, na kawo Bulus, ina nuna mutane da ƙashi. Hajiya ta ja mini babbar riga har na ji ɗinki ya yi ƙara. Ayuba kuwa takalminsa yake kallo. (Ni a lokacin na zaci hujja ce ta yi masa nauyi.)

Da na gama, Fasto ya yi mini godiya. Ya ce maganar Haikali da ɗan rago gaskiya ce, a kanta ma ya yi wa'azi da safen nan, kuma yara ƙanana ana koya musu ita. Game da Bulus kuwa, ya ce shi Bulus ɗin da kansa ya rubuta cewa ya karɓi maganar ne daga waɗanda suka riga shi. Ya ce a nan muka saɓa, kuma malamansu da namu sun daɗe suna saɓawa tun ba a haifi kakanninmu ba.

Wato sirrin nawa karatun yara ne. Ina tsaye, sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Baba, zauna ka ci naman nan kada ya huce. Halal ne. Ayuba ya hana mu sakat sai da aka sayo na duk coci wajen mahaucinku na Barking, saboda kai."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na zauna. Na cinye naman tas, domin in na bari ma wani laifin ne.

Washegari na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Na ce ya yi haƙuri da wurin da na yi maganar, amma maganar kanta ina nan a kanta.

Ya ce, "Alhaji, wa ya ce ka sauka daga kanta? Duk shekarun nan na san abin da ka yarda da shi, ka san nawa. Ni dai ce musu na yi ina da ɗan'uwa, su zo su gan shi."

Ya rufe ƙofa a hankali, da ma ya buga ta da ya fi mini sauƙi.

Bai yi gaba da ni ba. Abin da ya yi ya fi gaba ciwo. Tun daga ranar, in mun haɗu wajen fitar da shara, da Turanci yake gaishe ni, irin gaisuwar da yake yi wa mai kawo wasiƙa.

Don haka ina roƙonku, musamman tsofaffi 'yan'uwana masu yawan lokaci: in an miƙa muku lasifika a taron mutane, ku ce Allah ya sa albarka, ku koma kan farantinku. Ku riƙe aƙidarku gam, ba wanda ya ce ku saki, amma kada ku yi abin da na yi.

Ni dai kullum ya ce mini "morning", sai in ce, "Malam Ayuba, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi?" In jero su duka har ƙarshe, ko da ya juya baya. Za mu ga wanda zai fara gajiya.