Yatsa Biyu a Kwance

Duk unguwar babu mai ilimi kamar Malam Na-Sani. Shekara talatin ya yi yana sa hannu a takardun ofis, kuma tun da ya yi ritaya ya sadaukar da kansa ga gyara wa mutane aikinsu. Shi ya koya wa mai gyaran famfo yadda ruwa ke tafiya. Ya taɓa yi wa likita bayanin hawan jini har likitan ya nemi wurin zama. Ba a kai masa magana ƙarshe. Kana tsakiya zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Daga nan sunan ya bi shi, shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce.

Da damina ta yi nisa, ƙofar banɗakin da ke kallon falonsa ta sha danshi ta kumbura, sai an sa kafaɗa take rufuwa. Ga shi jibi iyayen mijin 'yarsa za su kawo ziyara karo na farko, kuma ya ƙudurta sai sun san gidan wa suka shigo. Matarsa ta ce a kira kafinta. Abin ya ƙona masa rai.

"Ni da na riƙe ma'aikata arba'in, katako ne zai gagare ni?"

Ya taka har rumfar kafinta, ba don tambaya ba, Allah ya kiyaye, don dai ya gwada ko mutumin ya san aikinsa. Kafinta ya ce, "Yallaɓai, ciro ta za ka yi, ka rage mata yatsa biyu daga ƙasa, a kwance. Wato ka haɗa..."

"Na sani. Ara mini zarto."

A tsakar gida ya shimfiɗa ƙofar kan kujeru biyu. An ce a kwance, ga ta a kwance. Saura yatsa. Babban mutum ba ya awo da ƙaramin yatsa, don haka ya miƙe na tsakiya, daga gindinsa har farce, ya ja layi da fensir, ya ƙara ɗora wani tsawon a kai. Allah kuwa ya hore masa dogayen yatsu.

"Baban yara, anya bai yi yawa ba?" in ji matarsa.

"Aikin katako lissafi ne, ba a yi masa da ido. Ki koma aikinki."

Ya yi ta fama da zarto har azahar, ya jiƙe sharkaf. Da aka mayar da ƙofa ta rufu lumus, ba ko ƙara. Sau uku yana buɗewa yana rufewa don matar ta shaida. Ita kuwa ƙasa take kallo, inda kyanwa za ta wuce ba ta sunkuya ba.

"Hanyar iska ce," ya ce. "Haka ake yi a gine-ginen zamani."

Washegari kafinta ya zo karɓar zartonsa. Ya daɗe yana duban ƙofar, sannan ya haɗa yatsu biyu, ya kwantar da su a gicciye a gaban Na-Sani. Duka faɗinsu bai kai kwalin ashana ba. Ya ce zai iya ƙara mata katako yanzun nan. Na-Sani ya ƙi. Gyara ai sai inda aka yi kuskure.

Ranar ziyara ya tashi da fargaba, fargaba ta sauka cikinsa. Ya shiga banɗaki ke nan baƙi suka yi sallama, sun riga lokaci. Matar ta rasa yadda za ta yi, ta zaunar da su a falo, kunya ta ishe ta. Don ta rufa masa asiri ta ce, "Ai maigidan ya ɗan fita."

A ƙarƙashin ƙofar nan ga ƙafafu biyu cikin silifa, wando ya taru a idon sawu, yatsun suna ƙoƙarin ja da baya.

Uban mijin 'yar tasu, dattijo mai ladabi, ya gyara zama ya mayar da idonsa kan labule.

"Ba komai, sai mu jira," ya ce. "Da alama bai yi nisa ba."