Sukarin Ciyawar Teku

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da shekarar da ruwa ya kayar mana da katanga a Ƙofar Guga ba. Shekarar ce na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a gemu, kuma ni aka zaɓa in karanta jawabin godiya ranar yaye mu. Sati uku ina haddace shi a shagona na ɗinki.

Ƙanwata Rabi malamar kimiyya ce. Busasshiyar ciyawar teku ake aiko mata daga kudu, ta dafa, ta tace, ta fitar da wani farin gari. Da katangarmu ta faɗi sai muka koma gidanta a Kambarawa. A lokacin kuwa duk rubutun da na gani sai na karanta, har na jikin buhun taki.

Da safen ranar yayen na ga gwangwani a kan tebur. Na ɗora yatsa: su-ka-ri. Daɗi ya kama ni, ban ko dubi sauran layukan ba. Na zuba cokali biyu a koko, ban ji zaƙi ba, na ƙara huɗu (ni mutum ne mai haƙuri).

Da la'asar aka miƙo mani lasifika. Na yi sallama, cikina ya amsa. Na ce "Muna godiya," ya yi ƙugi kamar babur ya hau tudu. Don in ɓoye sai na sauke lasifikar, ashe daidai cibiya na kai ta. Abin da ya biyo baya, har mai rake a bakin ƙofa ya ji.

Malaminmu ya ce, "Malam, ɗaya bayan ɗaya dai."

Mata suka rufe fuska da mayafi suna girgiza.

A gida Rabi ta leƙa gwangwanin. "Yaya, mi ka yi? Ga shi na rubuta na gwaji ne! Ciki ba ya narkar da shi, ƙwayoyin hanji ke ci su yi ta fitar da iska. Mu a kwalba muke gwadawa, yau kai ka zama kwalbar." Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta jawo biro. "To ƙarfe nawa ya fara?"

Yanzu ko allon kan titi ne, sai na kai ƙarshensa. Abin da na rasa: sakin layi biyu na jawabina, alwala huɗu, aikin Rabi na wata guda, da sunana, don har yau Malam Kwalba ake ce mani.