Kanwa a Ruwan Khal

Shekarar da soja suka miƙa mulki matata ta haifi 'ya mace, tsoron ƙwayoyin cuta ya hana ni sukuni. Sai na jiƙa ɓawon lemo a ruwan khal don goge ɗakinmu a Unguwar Mu'azu. Ranar suna na ga kamar haɗin bai yi ƙarfi ba, na ƙara garin kanwa, na toshe kwalbar tam, ina yaba basirata.

Ana cikin rabon waina murfin ya tashi da ƙara, kumfa ta wanke mayafin surukata. Maƙwabcinmu Baba Yohanna ya shige ƙarƙashin benci yana ihu, "Wayyo, soja sun dawo!"

Jaririyar ta yi aure tuni, amma har yau ƙannen matata in sun gan ni sai su sara min kamar soja su ce: "Janar, yaushe za a sake juyin mulkin?"