Ƙwan zabi a bayan na'urar ƙungiya

Ba za ni taɓa mantawa da daminar da na kusa korar baiwar Allah daga aikinta saboda ƙwai goma sha biyu ba. Da furfurata na yi wanga aiki, ba ƙuruciya ba ce.

Ni ne mai gadin ofishin ƙungiyar manoma ta nan Sabon Birni. Boko kam aji biyu na yi, anka ce in koma gona. A ofishin akwai wani ɗan ɗaki da ke da babbar kwamfuta, saba suke ce mata, ita ke riƙe da sunayen manoma da na masu karɓar taki. Akwai irinta a Isa, akwai a Tsamaye. In ɗaya ta mutu, sai mutane sun yi layi a rana kafin a sani.

Sai anka kawo Injiniya Balkisu ta yi maganin haka. Ta ɗaura wa kowace na'ura abin da zai riƙa kawo labarinta duk minti: tana da rai, ta gaji, ko ta yi zafi. Labarin na fitowa a wani allo jikin bango, kore lafiya, ja matsala, kuma wayarta ta yi ƙara ko tana ina.

"Baba, kamar malamin asibiti ne mai zagaya gadaje," in ji ta.

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ni hankalina na bayan na'urar, inda wata iska mai ɗumi ke fitowa, ɗumi irin na cikin kaza sak. (A makon ne shaho ya ɗauke kazar da na sa wa ƙwan zabi. Ku yi mani adalci.)

Na zuba ƙwan a ƙwarya, na tura tsakanin na'ura da bango, na rufe da tsohon bargo don kada ɗumin ya tsere. Sau uku nake juya su kullum.

Daga ranar, Isa kore, Tsamaye kore, Sabon Birni ja kafin azahar. Wayar Injiniya ta yi ƙara tana Isa, ta hawo mashin ta taho. Ni kuma makulli na hannuna. Da na ji ƙarar mashin a bakin titi sai in janye ƙwarya in cusa ƙarƙashin bencina. Kafin ta gama gaisawa da mutane na'ura ta sha iska, allo ya koma kore. Ta duba gaba, ta duba baya, ba komi.

"Allah ya ba da sa'a, ɗiyata," nake ce mata kowace safiya.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Garba, ya gaji. Ya tara 'yan kwamiti a ɗakin ranar wata Laraba, ba tare da ya gaya mani ba. Ina alwala sai gani na yi sun shige, na bar ƙofa buɗe, ƙwaryata na ciki.

"Injiniya," in ji shi, "abin naki ƙarya yake yi. Kullum kuka, kullum ba ciwo. Yau za a cire shi, mu nemo wani injiniya daga Sakkwato."

Ta nuna allon, ja wur. "Ranka ya daɗe, ga shi yanzu ma yana cewa zafi. Ban san mafari ba, amma ban yarda ƙarya yake ba."

Ina tsaye bakin ƙofa da buta. Na buɗe baki za ni faɗi gaskiya (wallahi na buɗe, ko da matata ba ta yarda ba har yau), sai anka riga ni.

"Tsiyau."

Alhaji ya duba wayarsa.

"Tsiyau! Tsiyau!"

Injiniya ta durƙusa, ta ɗaga bargon. 'Yan tsaki tara, jiƙaƙƙu, suna tattaka ɓawo. Wani dattijon kwamiti daga Gangara ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Mi nike gani haka, Baba?" in ji Alhaji.

"Zabi ne, ranka ya daɗe."

"Na san zabi! Na wa?"

"Har yanzu ba a yi suna ba."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta ce kowa ya kalli allo. Muna tsaye, bargo a hannunta, jan ya dushe, ya koma kore. Sannan ta buɗe tarihin wata guda: duk sa'ar da na sa ƙwarya, duk sa'ar da na janye, har ranar Juma'ar da na makara a masallaci, ga su nan jere. Alhaji ya daɗe yana kallo, ya ce ba cirewa, a ma ƙara wa rumbun taki irinsa. Ni kuma anka karɓe makullin, anka bar mani gadin ƙofa da zabina. Tara cikin sha biyu, ko kazar ba ta taɓa yin haka ba.

Na dai koyi cewa mai tsoron tonon asiri kada ya ɓoye abu kusa da mai ba da labari duk minti.

Na kai wa Injiniya biyu mafi ƙiba don ban haƙuri. Ta karɓa, ta dube ni.

"Baba, addu'ar nan ta kowace safiya, ni kake yi wa ko ƙwan?"