Bakwai Sau Bakwai da Tarin Hedimasta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan aji uku suka yi mini tari a gaban sufeton makarantu ba, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah ya mantar da ni.

A wancan zamani ni ne hedimasta a wata firamare da ke bayan masana'antun Bompai. Gwamnati ta buɗe ƙofar makaranta ga kowa kyauta, yara suka kwararo mana kamar ruwan Agusta. Galibinsu 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne, wasu daga ƙauyukan Kano da Haɗeja, wasu daga Nijar, wasu kuma 'yan uwana ne daga kudancin Zariya. Ni kuwa ɗan makarantar mishan ne, inda aka koya mana lissafi da baki da rula: ka rera jadawalin ninkawa daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu, idan ka yi tuntuɓe rula ta gyara maka yatsu. Da haka na zama mutum, saboda haka ban ga dalilin da zai sa wani ya zama mutum ta wata hanya ba.

Darasin ninkawa na aji uku ban yarda na bar wa kowa ba. Kullum da zarar jiniyar masaƙa ta yi kukan safe, sai in ɗaga rula mu soma, ba gaba ba baya. (Matata ta sha cewa da ni ake saita agogo, kuma ba yabo take nufi ba.) Abin da ban lura da shi ba shi ne, jim kaɗan bayan jiniya masaƙar kan saki hayaƙin tukunyar tururinta, iska ta turo shi ta tagoginmu. Da yake ba na saɓa lokaci, masaƙar ma ba ta saɓawa, kullum a gurbi guda na jadawalin muke haɗuwa da hayaƙin.

Akwai yaran da suka kasa rerawa. Wasu Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba, wani idonsa ba ya kai allo, sai kuma Indo, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Na kira mahaifinta, Malam Ila, mutumin Maraɗi ne mai aiki a kan injin saƙa, na gaya masa cewa idan zango ya ƙare ya riƙe 'yarsa a gida, domin wanda ba ya ji ba ya rerawa, wanda ba ya rerawa kuwa ba shi da rabo a lissafi. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Malam, uwarta ce za ta fi jin abin. Ita ke yi mata wanki kullum don ta zo da tsabta."

Malama Binta tana tsaye a bakin ƙofa. Sabuwar malama ce, ko shekara ba ta yi da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, daga Dakata take takowa kowace safiya.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, ku ba ni su. Ita da duk waɗanda suka kasa. Idan ranar zuwan sufeto ba su iya komai ba, ba zan ƙara magana ba."

Na ce, "Da me za ki koya musu, Malama? Da maganar kurame?"

"Da hannu, ranku ya daɗe. Duk suna da shi."

Na ba ta su, da gindin darbejiya a matsayin aji, ina mai tabbacin cewa na ba ta igiyar da za ta ɗaure kanta.

Kashegari sai ga Malam Ila da buhu a kan keke. Kwalaye ne masu kama da mazurari, waɗanda ake naɗa zare a jikinsu, masaƙa na zubar da su idan zaren ya ƙare. Malama Binta ta baje su a ƙasa. Ta taga nake leƙensu (don tabbatar da tsari, ba don sha'awa ba, haka na gaya wa kaina). Sai ta jera kwali uku a layi, ta yi layi huɗu, ta sa yaro ya bi su da hannu yana taɓawa, sannan ta rubuta adadin a ƙasa da tsinke. Mai raunin ido yana lalubawa, ɗan Zabarmawa yana ƙirgawa da harshen gidansu, ba ta hana shi. Indo kuwa, sai ta durƙusa daidai fuskarta, ta taɓa kafaɗarta, ta nuna da yatsu, ta jira. Ban taɓa ganin malami mai iya jira kamar yarinyar nan ba. Na sa wa wurin suna kasuwar kwali, malamai suka yi dariya domin ni ne hedimasta.

Ranar zuwan sufeto ta faɗo daidai da ranar da masaƙa ta tsayar da injuna don gyara, saboda haka iyaye suka cika farfajiya. Sama tas, ko ɗigon hayaƙi babu. Na sa farar kwat ɗina, na jera yarana bisa tsawo, na ɗaga rula.

Kai, sun rera! Murya guda, numfashi guda. Sufeton, wani dattijo Alhaji mai farin gemu, yana gyaɗa kai. Muka wuce gidan biyar, muka wuce gidan shida, ƙirjina yana ƙara faɗi. Muka shiga gidan bakwai.

"Bakwai sau shida, arba'in da biyu! Bakwai sau bakwai..."

Sai duk ajin suka tsaya cak. Suka dunƙule hannun dama, suka kai baki, suka yi tari mai zurfi irin na dattijon da ya ba hamsin baya. Suka bugi ƙirji. Sannan da murya guda, da fushi irin nawa sak, suka ce, "Kai, wannan hayaƙi!" Suka ɗora da, "Arba'in da tara!"

Wata mata daga baya ce ta fara fashewa, sai dariya ta kama kamar wutar daji. Sufeto ya ɗaga kai ya dubi sama mai tsabta, ya dube ni, ya kira wani yaro daga sahun gaba.

"Ɗana, ina hayaƙin?"

"Babu, Alhaji."

"To me ya kawo tarin?"

"A nan ake yin sa, Alhaji. Kafin arba'in da tara."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban ko cire kwat ba. Amma sufeto bai gama da ni ba. Ya tambayi yaron bakwai sau takwas nawa ne. Yaron ya rufe ido, ya koma tun daga bakwai sau ɗaya, ya biyo hanya a hankali, ya iso wurin, ya yi tarinsa shi kaɗai, ya tsine wa hayaƙi, sannan ya ba da amsa. Amsar daidai ce. Wannan ne kawai abin da zan iya faɗa don kare kaina.

Aka koma gindin darbejiya, ina biye kamar wanda aka yi wa sata. Sufeto ya rubuta bakwai sau bakwai a ƙasa, ya nuna Indo, domin an gaya masa labarinta. Ta dubi malamarta, malama ta gyaɗa kai. Ta jera kwalayenta layi bakwai, ta bi su da yatsa, ta rubuta arba'in da tara. Sufeto ya sa ƙafa ya ture layi guda. Ta duba, ta share, ta rubuta arba'in da biyu. Sannan ta yi abin da ba wanda ya sa ta: ta zagaya ta tsaya a gefen jerin, ta ja hannun rigar sufeto, ta nuna masa cewa daga nan layi bakwai ne na shida-shida, daga can kuma layi shida ne na bakwai-bakwai, adadin bai motsa ba. Ni da na rera jadawalin nan tun ina da gajeren wando, ban taɓa ganinsa a tsaye a ƙasa ba sai ran nan. Malama Binta ba ta ko dubi inda nake ba, kuma har yau ina gode mata da wannan kawaici.

Malam Ila ya matso kusa da ni, hula a hannu.

"Malam, to sabon zango ta zo?"

Na gyara murya da taka-tsantsan, don kada a ce na sake, na ce, "Ta zo. Amma kada ta makara."

A makon da ya biyo baya na roƙe shi ƙarin buhuna, aka shigar da kasuwar kwali cikin kowane ƙaramin aji, Malama Binta ce ke koya wa malamai, ina zaune a benci na baya. Rerawar ban daina ba, sai dai yanzu hannu ke fara gani kafin baki ya faɗa.

Na koyi cewa yaro zai haddace duk abin da ya fito daga bakin malami, har da wanda ya fito daga maƙogwaronsa. Kuma a duk aji ukun nan, wadda ta fi kowa fahimtar ninkawa ita ce wadda ba ta taɓa jin muryata ba. Na daɗe ina nazarin wannan lissafi, amsarsa ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Har yau nakan haɗu da magidanta masu furfura a Dakata, su durƙusa su gaishe ni da ladabi, ina juya baya in ji wani ya yi tari.