Ranar da Na Aurar da Yaya Rabi ga Rabin Anguwan Rogo

Ba zan taɓa mantawa ba da satin bikin Yaya Rabi. Lokacin ina aji biyu a jami'a, can Naraguta, an fara koya mana yaren kwamfuta na Rust, kaina ya kumbura kamar fanke. Da Baba ya ce a kai a buga katin gayyata, sai na ce, "Haba Baba, ga injiniya a gida? Ta waya zan tura wa kowa da sunansa."

A yaren akwai wani umarni da ake kira makiro, mai haɗa jimla. Za ka rubuta maganarka ka bar gurabe, sannan ka jero sunayen da za su cike su bi da bi. Tawa jimlar ita ce, "Ana gayyatar wane zuwa ɗaurin auren Rabi da wane." Gurbin farko na baƙo, na biyu na ango, wato Nura. Na gwada da Nura ɗin a matsayin baƙo (neman suna wurin suruki, ba wani abu ba), saƙo ya fita tsaf. Na saki sauran.

Ana sallame la'asar sai ga Oga Tunde, mai sayar da zare kusa da shagon ɗinkin Baba, riƙe da waya, ya nufi Baba. "Alhaji, na gode fa, amma ni ya tsufa. Kuma madam bai sani ba."

Baba ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Na buɗe kwamfuta, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Ina ta zare ido sai mahaifin Nura ya kira, murya a daƙile: "An ce ni zan auri Rabi, ɗana kuma ɗan gayya. In kun fasa ne, ku faɗa mana." Yaya Rabi ta fashe da kuka. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe sunayen na jero a juye. Kowane baƙo ya zama ango, Nura ya zama ɗan gayya. Shi kuwa da na gwada da shi, duk guraben biyu sunansa ne, ina zan gane?

A Keke mai ƙafa uku Baba ya zagaya da ni gida-gida ina ba da haƙuri, muka fara da gidan surukai. An dai ɗaura auren, da Nura.

Yanzu ko gayyatar suna ce, ba na gwaji da mai abin. Oga Tunde kuwa har gobe in ya hango ni sai ya ɗaga hannu: "Ƙanin matana, yaya karatu?"