Rasuwar Dutsen Gugan da Ya Rufa wa Mijina Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Marlys Halvorson ta garin Duluth nake sanar da rasuwar dutsen gugana mai tururi, wanda ya cika ranar Alhamis da hantsi, yana bakin aiki.

Marigayin mai kawaici ne. Ko hankici bai taɓa ƙona mini ba. In ya yi zafi ya ce "tak", in ya hau wuyan riga ya ce "fsss", ba ya ƙarawa. Ni ma ban rage shi da komai ba. Ruwan famfo bai taɓa shiga cikinsa ba, sai tatacce na kwalba, wanda ni kaina ba na sha.

Ciwon ajali a gareji ya same shi. Mijina Gordy, wanda na tsufa ina goge wa riguna, shi ya saci jiki da shi ya narka kaki, ya shafe katakon da yake sulu da shi a kan dusar ƙanƙara. Ya share masa fuska, ya mayar da shi mazauninsa kamar ba a yi ba. Marigayin kuwa ya yi gum. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Sai da na ɗora shi a kan rigar baftismar gidanmu, ɗinkin hannun kakata, rigar da duk jaririn zuriyarmu a cikinta ake kai shi coci, ina shirya wa jaririyar jikata ita, sannan ya yi tari ya amayo koren kaki a tsakiyar ƙirjinta. Bai sake motsi ba. Da na tsare Gordy, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Haba Marlys, jaririya ce fa, ina ta san kore?"

Marigayin ya bar teburin guga, da ragowar ruwansa, da tulin kayan Gordy waɗanda daga yau marayu ne.

Ran Lahadi za a yi wa jikata baftisma. Uwarta, 'yata Britta, tana ta bugo waya tana tambayar riga, ni kuma na kasa ɗauka.

Ba za a yi zaman makoki ba, kada kowa ya kawo abinci. Gobe da safe gawa za ta tashi zuwa jujin gari, amma za ta biya ta gidan Britta tukuna. Gordy ne zai ɗauke ta da hannu ɗaya, riga a ɗayan. Shi zai ƙwanƙwasa ƙofa, ni ina cikin mota.